Balbelan da Ya Wuce Gidan Surukai

Abin da na fara gani a jikin Alhaji Sabi'u wata 'yar farar takarda ce, ɗaure a hannun jakarsa. Ta jirgin sama ce, kuma ya ƙi cire ta har ta yi dauɗa. Ina da shekara goma sha biyu, na riga na haɗiye littattafan soyayyar da yayata Hindatu ke ɓoyewa ƙarƙashin katifa, don haka na yanke cewa ga gwarzon ya iso garinmu Pauwa. Auren Yaya Hindatu yake nema. Babanmu ya bar mata zaɓi, ita kuma ba ta yanke komai sai ta ji ta bakin Kaka.

Ya shigo gaisuwa bayan magariba, muna zagaye da murhu ana gasa masara. Kaka ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya?"

Kowa a ƙasar nan ya san amsar. Ka ce alhamdu lillahi, sannan ka faɗi inda ruwa ya sauka, da yadda ka ga gero a gonakin mutane. Shi kuwa sai ya duba agogo.

"Hajiya, daga Abuja zuwa Katsina ko awa guda ba mu cika ba. Ta saman garin nan ma muka wuce."

"Ka wuce mu? To mi ya hana ka sauka?"

"Ai ba a sauka sai a filin jirgi. Daga Katsina na ɗauki mota na dawo baya."

Kaka ta juya masara, ta ce mu matso, yau tana da tatsuniya. Wai an yi wani balbela da ke neman ɗiyar fakara. Tsabar son a ce yana da sauri, ba ya tashi sai ya ƙure sama, ba ya sauka sai kan wani dutse can nesa da gari. Kullum ya wuce gidan surukai, ya dawo a ƙasa yana haki, farar rigarsa duk ƙaya. Ran nan uwar fakara ta tambaye shi ko rafi ya kawo, don 'ya'yanta za su ƙetare. Ya ce shi gajimare kaɗai ya gani. "Sai ta ce, wanga ko gidansa ke cin wuta, daga sama zai ce an kunna fitila."

Alhaji ya yi dariya har da tafi. Bai gane ba. Yaya Hindatu ta gane. Da safe ta aika aka mayar masa da turaren da ya kawo mata.

Na yi sati ba na gaida Kaka da fara'a. A littattafaina ba a korar mai jirgi. Sai da na girma, na zauna da maza masu ƙirga minti, waɗanda ba su san sunan maƙwabcinsu ba, na fahimci abin da tsohuwar ta auna da tambaya ɗaya.

Alhaji Sabi'u ya tsaya takarar kansila shekaru bayan haka. Ranar kamfe sai da ya tsayar da mota a kasuwar Yankara, yana tambayar masu goro hanyar ƙauyen mahaifiyarsa. Ko akwatin zaɓen da ke ƙofar gidansu bai ci ba.