Juma'ar da Aka Kashe wa Mazari Janareto

Ranar Talata saƙon ya shigo min, ina cikin keke a hanyar Wunti. Masu shirya wani bikin nuna gajerun fina-finai ne a Jos. Suka ce fim ɗina ya burge su, hoto ya fita, tsohuwar ma ta iya zama gaban kyamara, amma sautin bai yi ba. In na gyara na sake turawa kafin Litinin, za a haska shi. In ban gyara ba, sai dai wata shekarar.

Tsohuwar da suke nufi Kaka ce, mahaifiyar babanmu. Fim ɗin minti tara ne, da wayata na ɗauka, kuma babu komai a cikinsa sai ita tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ta dangwali alli, ta murza mazari, ya yi ta juyawa, zare na sauka daga audugar da ke hannunta na hagu. Ƙaninta ne ke kawo mata audugar daga Zungur. A duk Ƙofar Wambai ban san wata da ta rage tana wannan aikin ba.

Mazari yana da wani ɗan kuka siriri, kamar ƙudan zuma ya shiga gora a can nesa. Da shi nake barcin rana ina ƙarama. Saboda shi na yi fim ɗin, kuma shi ne ba a ji ko kaɗan. Gidanmu a lungu yake. Bayan ɗakin Kaka injin niƙa ne, gaba kaɗan mai walda, 'yan acaɓa na wucewa da hon, ga kuma janareton Oga, ɗan ƙabilar Ibo mai shagon lemo da ruwan leda a bakin lungun. Mu da muka tashi a ciki ba ma jin hayaniyar. Waya kuwa ba ta bar ko ɗaya ba.

Muna da wani guruf a waya, mu masu ƙananan fina-finai na Bauchi, inda muke aron kaya da shawara. Na tura musu saƙon. Wani ya ce ai da sauƙi, akwai manhajar da ke tace sauti. Na sauke, data ta tafi, na saka fim ɗin. Ta cire injin niƙa, ta cire janareto, ta haɗa da mazarin ta cire, muryar Kaka kuma ta koma kamar daga cikin rijiya take magana.

Wata ƙawata a guruf ɗin, a Fadaman Mada take, ta ce in kawo Kaka gidansu, can babu hayaniya, kuma tana da ƙaramin makirufo. Na gaya wa Kaka. Ta ce mazarinta ba ya zuwa unguwa, shekara nawa tana kaɗi a wannan ƙofar, sai yau za a ɗauke ta kamar amarya. Da na ga ba za ta motsa ba, ranar Laraba na sace tsohon mazarinta na tafi da shi ni kaɗai. Muka rufe ɗaki, na yi ta murzawa, ƙawata na ɗauka. Mu a kunnenmu ya yi. Na dawo gida da murna, na sa wa Kaka iyafis a kunne. Ta saurara, ta cire, ta dube ni.

"Wannan wace gurguwa ce take kaɗi?"

Na ce ni ce.

"Ai na ji. Mayar min da mazarina inda kika ɗauko."

Ranar Alhamis da safe na zauna ina bin ɗanyun bidiyoyin da na ɗauka tun farko, ko Allah zai sa in samu wani wuri mai dama-dama. Guda ɗaya ya fita daban. Babu injin niƙa, babu walda, babu hon. Janareto kaɗai ke ta faman yi. Na duba ranar da na ɗauke shi, sai na ga Juma'a ce, ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna. Nan take na gane. Mai niƙa, mai walda, 'yan acaɓa, duk maza ne, duk sun tafi masallaci, har yara maza sun bi iyayensu. Lasifikar masallacin Juma'a kuma ba ta isowa gidanmu sai liman ya hau mumbari. Tsakanin fitar maza da hawan liman akwai kusan minti ashirin da lungunmu ba na kowa ba ne sai mata. Shekarata ashirin da uku a gidan nan ban taɓa lura ba.

Saura Oga, tunda shi ba masallaci zai je ba. Juma'a ɗaya kuma ta rage min kafin Litinin.

Na sa hijabi na nufi shagon da shirina. Na nuna masa saƙon Jos a waya, na karanta masa da Turanci, na ce zan sa shagonsa a jerin godiya a ƙarshen fim. Ya saurare ni tsaf, yana jera kwalabe. Ya fi shekara ashirin a unguwar, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai har yau kowa "ka" ne a wurinsa.

"Ka ga, 'yata, kwana uku ba wuta. Wannan lokaci da ka ce, shi ne ruwa yake sanyi. Mutane ya dawo masallaci, rana ya dake shi, ya zo ya samu ruwa zafi, gobe zai zo?"

Gaskiyarsa ce. Ya ce in zo ranar Lahadi da safe, yana coci, janareto a kashe. Na ce ranar Lahadi ai injin niƙa ya fi kowace rana aiki. Ya ɗaga kafaɗa, ya ba ni ruwan leda ɗaya kyauta.

Na dawo na zauna a tsakar gida na yi tagumi. Umma, mahaifiyata, ta ce in haƙura, wata shekarar ma ta Allah ce. Kaka na daga ƙofar ɗakinta tana jinmu. Ta tambaye ni wa ya aike ni wurin Oga. Na ce ba kowa. Ta ce shi ya sa.

Bayan la'asar sai ga ta da mayafi da sanda. Kaka da ta yi wata da watanni ba ta wuce zaure ba saboda gwiwa. Ta ce in riƙe ta. Muka taka a hankali har bakin lungu. Oga na hango ta ya fito da benci da gudu, matarsa ta fito daga cikin shago ta durƙusa har ƙasa. Ashe lokacin da matar ta haifi ɗansu na fari, ba ta da kowa a garin nan, Kaka ce ta yi mata wankan jego kwana arba'in, ita ta gasa wa jaririn cibiya. Ni ban taɓa sani ba, lokacin ban yi wayo ba.

Kaka ta zauna ta yi ta hira. Ta tambayi yaron, aka ce yana jami'a. Ta ce a gaya masa mijinta ne har yanzu, kar ya kuskura ya kawo mata wata ba ta gani ba. Ta tsokani Oga a kan tumbinsa. Ta sha rabin lemo. Fim ko sau ɗaya bai fito daga bakinta ba, ni kuwa ina tsaye kamar in yi ihu. Sai da ta dafa sanda za ta tashi, ta ce:

"Gobe in maza sun tafi masallaci, ina so kunnena ya huta."

"Har yaushe, Mama?"

"Har liman ya hau."

"An gama, Mama."

A hanyar dawowa ta ce min, "Ke da takarda kika je."

Ranar Juma'a tun hantsi na karɓo makirufon ƙawata, ɗan mitsitsi kamar ƙwallon dabino. Umma da ta ce in haƙura, ita ce ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabta su gama daka da wuri. Ta kife zakaranmu da kwando a zaure ta lulluɓe shi da tsumma, ta tura akuya gidan ƙawarta. Ƙarfe ɗaya saura, mai walda ya rufe. Injin niƙa ya yi tari ya tsaya. Babanmu ya fita da dardumarsa yana tambayar me ya samu zakara, ba wanda ya amsa masa. Babura suka ragu, suka ƙare. Ina tsaye da waya a hannu, sai na ji janareto ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu.

Ban taɓa jin gidanmu haka ba. Har ganyen dalbejiyar maƙwabta ina ji.

Sai ga Kaka ta fito. Sabuwar shadda ce a jikinta, wadda aka ɗinka mata da Sallah, tana ƙara kamar ana murza takarda. Hannu biyu cike da awarwaro. Na ce Kaka, sauti kawai zan ɗauka, ba wanda zai gan ki.

"To masu jin ba mutane ba ne?"

Na roƙe ta. Ta ce ba za ta je Jos da tsumma ba. Ina kallon agogon waya, minti uku sun tafi. Umma ce ta cece ni. Ta matso ta ce, "Inna, ai tsohon zanen ne a cikin hoton. In suka ji ƙarar shadda za su ce wata ce daban ta yi miki kaɗin." Kaka ta dubi shaddar da ke jikinta. Ta ce wa zai yi mata kaɗi tana raye. Ta koma ɗaki ta sauya, ta dawo ta zauna tana zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a tabarma, ba ta ko sauri.

Na kwanta rub da ciki, na ajiye makirufon dab da mazarin, na sa iyafis. Ta dangwali alli, ta murza.

Ga shi nan. Kukan nan siriri, cikakke, ba abin da ya tare shi. Har da abubuwan da ban san suna da sauti ba: gogar alli a yatsunta, zare yana hawa jikin mazari, numfashinta in ta ɗaga hannu. Ban motsa ba, hannuna ya yi tsami, na bar shi. Minti goma sha ɗaya muka samu kafin lasifika ta yi gyaran murya. Ko daƙiƙa biyar ba a ƙara ba janareto ya tashi.

Babanmu ya dawo yana mitar wai yau ruwan Oga kamar na wanka. Ya ce da ya yi magana, Oga ya ce ya je ya tambayi Mama.

Asabar da Lahadi na yi su ina daidaita sautin da hoton, kowace murzawa da tata. Ranar Lahadi da azahar na tura. Washegari suka amsa da layi ɗaya: an saka shi.

A Jos wurin ƙanwar Umma na sauka. Fina-finan da aka haska kafin nawa, wasu da manyan kyamarori aka yi su, har da hoton gari daga sama, ga kiɗa. Na ƙara nutsewa cikin kujera. Nawa da baƙin allo yake farawa, ba hoto, sai sauti. Da kukan mazarin ya cika zauren, na ga waɗanda ke danne-dannen waya suna ɗago kai. Wata dattijuwa a gabana ta ɗaga hannun hagu sama kaɗan, tana murza yatsun dama a cinyarta, ba ta ma san tana yi ba. Da aka gama aka yi tafi, na rasa inda zan sa fuskata.

Wajen tambayoyi wani malami mai koyar da haɗa sauti ya tambaye ni a wane sitidiyo na ɗauka. Na ce a ƙofar ɗakin kakata, ranar Juma'a, tsakanin fitar maza da hawan liman. Aka yi dariya, shi bai yi ba, ya rubuta. A ranar rufewa aka kira fim ɗin aka ba shi takardar yabo ta ɓangaren sauti, aka kuma gayyace ni horon mako guda kyauta.

Da na dawo, shagon Oga na fara tsayawa. Na nuna masa ƙarshen fim ɗin inda na rubuta godiya ga mai shagon bakin lungu da ya kashe janareto. Ya kira matarsa ta gani, ya sa na mayar sau uku. Janareton na ta ruri a bayanmu, sai da muka riƙa ɗaga murya.

Kaka ta saurari fim ɗin da iyafis, ido a rufe. Ta ce ba laifi, amma audugar ranar ta ɗan yi sanyi, kuma da na bar ta da awarwaronta da ya fi haka daɗi. Na miƙa mata takardar yabon ta gani. Ta juya ta, ta shafa tambarin, ta tambaye ni me aka rubuta. Na ce an ce sautin fim ɗin ya fi na kowa.

"Sautin wa?"

Na ce na mazari.

"Mazarin wa?"

Ta ɗaga katifa ta tura takardar ƙarƙashi. Har yau tana can. Da masu horon suka ce in turo hoton takardar, sai da na yi sallama na roƙa, ta ba ni aro, ta tsaya a kaina har na ɗauka na mayar mata.