Naman da Na Tauna Mata

Bayan rasuwar matata, 'yarmu ta daina cin abinci. Lokacin ba ta cika shekara biyu ba. A unguwar Satwa muke a Dubai, ɗaki ɗaya a gidan da muke haya tare da wasu. Wata Hajiya 'yar Kano da ke ɗakin kusa da namu ita ke riƙe ta idan na tafi aiki. Ta dama kunu, ta dafa shinkafa har ta yi luguf, ni ma na sayo abincin jarirai na kwalba a kanti. Da cokali ya nufo yarinyar sai ta datse baki ta kau da kai. Madara kawai take kurɓa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita.

A tashar jiragen ruwa ta Port Saeed, nan Dubai, nake aiki, ina duba kayan 'yan kasuwa da ake lodawa a jiragen katako. Wata rana bayan la'asar na zauna a kan kwali, na kasa taɓa komai. A kan ƙarfen da ake ɗaure jirgi akwai wani ɗan tsuntsun teku, ya kusa girma amma gashinsa da dabbare-dabbare, yana ta kuka. Can sai ga babban, fari mai baƙin kai, da ƙaramin kifi a gicciye a bakinsa. Ban san ko uwar ce ko uban ba. Ya miƙa, ɗan ya ƙi. Bai ajiye masa a ƙasa ba. Ya tashi, ya tsoma kifin a ruwa, ya dawo ya sake miƙawa, baki da baki, har ɗan ya karɓa ya haɗiye.

Nan na tuna matata ba ta taɓa ba yarinyar nan abinci da cokali ba. A cinya take ɗora ta, ta tauna nama, ta ciro da yatsa ta sa mata. Nakan ce, "Wannan ƙauyancin har Dubai?" Sai ta ce, "Kai ma haka aka yi maka, ga ka nan ƙato."

Da na koma gida na tarar Hajiya ta yi miyar kuka da naman rago. Na wanke hannu, na zauna a ƙasa, na ɗora yarinyar a cinya, na jefa tsoka a baki.

Hajiya ta ce, "Ikon Allah! Malam, da gemunka?"

Na ce, "Bari dai in gwada, Hajiya."

Yarinyar ta daɗe tana kallon bakina. Na tauna, na ciro da yatsa na miƙa, ta kau da kai. Na tsoma a miya, na sake miƙawa. Ta buɗe baki kaɗan, ta karɓa. Ta haɗiye, ta waiga ta kalli ƙofa. Babu wanda ya shigo. Sai ta juyo ta taɓa leɓena da yatsa.

Hajiya ta ja mayafi ta goge ido, ta tashi ƙaro nama.