Tabarau da Albarushin Baba Maharbi

Shekara ashirin ina sayar da tabarau a kasuwar Mokolo, har nakan ce rabin Yawunde da idona suke gani. Amma ranar da tabarau ya kunyata ni, a ƙofar gidana ne, a unguwar Briketeri.

Maƙwabcina tsohon maharbi ne, Baba muke ce masa. Ya daina farauta tuntuni, sai dai ba a biki a ƙauyensu bai je ya buga bindigar gargajiya ba. Kafin kowace tafiya yakan zuba albarushi ɗan mitsitsi a kan bulo, ya tara masa hasken rana da wani gilashi. In ya kama, a bushe yake. Ashana kuwa ya rantse ya bar ta, tun da ta cinye masa gira.

A waccan damina aka haifa masa jikan fari, gilashin kuma ya fashe. In albarushin ya sha sanyi, wani ƙanensa da ba sa ga maciji ne zai buga ranar suna.

Na zare tabaran fuskata, mai kauri kamar gindin kwalba. "Baba, da wannan nake hango Duwala daga nan. Riƙe!"

Muka tsuguna a rana har gumina ya gangara unguwar Messa. Ko hayaƙi babu. Baba ya miƙe, ya ce: "Albarushin ya mutu. A zuba a kwata."

Sai ga 'yata ta dawo daga fak, wato jami'a, inda take karatun kimiyyar haske.

"Papa, naka ai na masu gajeren gani ne, watsa haske yake yi! Ko injin lazer ɗinmu na makaranta, in gilashin gabansa bai tara hasken wuri ɗaya ba, haska abu kawai zai yi, ba ya kamawa."

"Ke, ni za ki koya wa tabarau?"

"Yau dai kam."

Ta zaro na karatu daga jakata, siririn nan na tsofaffi. Ta matso da shi, ta janye, ta sake matsowa, har hasken ya koma kamar ƙwayar gero. Fuss! Na yi tsallen da hulata ta kusa sauka a unguwar Nkomkana.

Baba ya yi dariya har da tari. "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Kai kuma, mayar da naka fuskarka."

Washegari ya hau mota da tabaran karatun a aljihu. An ce sau bakwai ya buga. Ƙanen nasa ya ce kansa na ciwo, ya koma gida tun kafin a raba goro.