Malam Haladu da Mutanen Azarbaijan

Duk wanda ya yi zaman unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira a zamaninmu ya san gaisuwar Malam Haladu. Kana sauke jakarka daga Kano, ba zai tambaye ka gajiya ba, ba zai tambaye ka mutanen gida ba. Sai ya riƙe hannunka gam ya ce, "Ƙanena, mutanen Azarbaijan su nawa ne?" Ni da na zo karatu a shekarun saba'in aka haɗa mu ɗaki, na zaci wata unguwa ce a bayan gari. Na ce ban zaga Alƙahira ba tukuna. Ya girgiza kai ya ce, "Wani marar sani ma ya ƙaru."

Ku da kuke dariya, kun san mafarin abin kuwa? Ta'amiyya ce, ƙosan nan na Misrawa. Wata safiya ya saya, aka ƙunshe masa a shafin wani tsohon littafin labarin ƙasa. Yana ci yana karantawa: Azarawa su ne mafi yawa, ga Rashawa, ga Armeniyawa, ga Lazgawa, ga Talishawa. Yana zuwa layin da aka rubuta jimillarsu, sai ya tarar mai ya cinye wurin, har ya huda takardar. Shi ke nan! Wata biyu yana sayen ta'amiyya wurin mai suyar nan, ko zai dace da shafi na gaba. Ran nan haƙurinsa ya ƙare ya ce, "Ya Ammu, baffana, ina sauran Azarbaijan?"

Mutumin ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Shehi, an cinye ta tun makon jiya. Yanzu Bulgeriya muke ciki."

Mun sha kawo masa littattafai da lamba ɓaro-ɓaro, ya ture. Wai Tarayyar Sobiyat, wadda ke mulkin ƙasar a lokacin, nata kawai ta ƙirga, alhali Azarawan da ke Iran sun fi na wancan ɓangaren yawa. "Kuma kafin a buga littafin nan, mata nawa suka haihu? Kun tambaya?"

Abin har ya bi shi ɗakin jarrabawa. Jarrabawar baka ce ta rabon gado, kuma an riga an gargaɗe shi cewa in ya sake faɗuwa, tallafin karatunsa ya tafi. Malamin ya ce, "Mutum ya rasu, ya bar 'ya ɗaya da ɗan'uwa shaƙiƙi. Raba."

Malam Haladu ya gyara zama. "A ina ya rasu?"

"Ina ruwanka da inda ya rasu?"

"Allah gafarta Malam, in a Baku ne, babban birnin Azarbaijan, akasarinsu 'yan Shi'a ne, 'yar za ta kwashe duka. In kuwa Balazge ne daga arewa, Ahlus Sunna ne, ɗan'uwan zai sami rabi."

"A Tanta ya rasu! A Tanta, nan Misra!"

"To, su Azarawa ba sa zuwa Tanta ne?"

Malamin ya dafe kai. Amma da yake amsar na ciki, dole ya ba shi maki. Mu da ke leƙe ta taga muka zube ƙasa.

Wanda bai ba mu dariya ba a lokacin shi ne na wasiƙu. Ashe duk wata sai ya aika wasiƙa, a bayanta an rubuta "Zuwa ga Mai Ƙidaya, Baku". Ba titi, ba lamba. Wata rana da hantsi sai ga mutum biyu masu baƙin tabarau, suka ce ya zo ya yi bayani a wani ofishi. Na raka shi, don a wancan zamanin rubuta wa Sobiyat wasiƙa na iya sa a ɗora mutum a jirgi da kayan jikinsa. Wani jami'i ya buga tebur ya ce, "Me kake nema a Baku? Faɗa mini duka!"

Wayyo! Bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Malam Haladu ya fara daga Talishawan kudu. Aka kira Azahar yana kan Yahudawan duwatsu. Aka kira La'asar jami'in ya cire takalmi, ya kwance wuyan riga, ya ce, "Khalas, ya isa haka ya Shehi! Ko su nawa ne, Allah ya ƙara musu albarka. Yalla, tafi!"

A bakin ƙofa Malam Haladu ya juyo. "Ranka ya daɗe, ban taɓa Awarawa ba fa."

Sai a shekarun tamanin Allah ya haɗa shi da Ba'azare na gaske: Ammu Rahim, wani tsoho ɗan Tabriz ta Iran mai ɗinkin darduma a tsohuwar kasuwa. Malam Haladu ya sa babbar riga, ya ja ni, muka je. Ko zama bai yi ba ya ce, "Ku nawa ne?"

Tsohon ya dube shi ta saman gilashi. "Ban ƙirga ba. Ku Hausawa ku nawa ne?"

Ban taɓa ganin bakin Malam Haladu a buɗe babu magana ba sai ranar. Can ya ce, "Wannan ba fannina ba ne."

Daga nan suka ƙulle. Tsohon ba mata, ba ɗa, ba kowa a Misra. Kullum Juma'a Malam Haladu zai tuƙa tuwo ya kai masa, tsohon ya ci yana ƙorafin yaji. Da ciwo ya kwantar da shi, Malam Haladu ne ya yi jinyarsa wata uku. Ranar da tsohon ya cika, Malam Haladu ya bi ɗakunanmu ɗaya bayan ɗaya yana buga ƙofa, ya ce ba za a binne baƙo da mutum uku ba. Muka cika sahu, Kanawa da Zazzagawa da 'yan Damagaram, muka sallaci mutumin Tabriz. Malam Haladu ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, ya fito ƙasa har gemu, yana kuka kamar ya binne mahaifinsa.

Allah ya jiƙan Malam Haladu. Yadda bai bar baƙo shi kaɗai ba, ya Allah kada ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Amin.