Ranar da Na Rubuta Kano a Takardar Rijiya

Shekarun baya ne, lokacin mulki na hannun sojoji, muna zaune a Dar Salam can bayan Umdurman. Wata Talata da hantsi na fito neman mai karo, wato amalanken jaki, ya kawo mana ruwa, sai na hangi shugaban lajana, wato kwamitin unguwarmu, a ƙofar ofishinsa tare da wani baƙo mai baƙin tabarau. Baƙon yana riƙe da wasu takardu yana buɗa su ɗaya bayan ɗaya. Shi ban san shi ba, amma takardun na san su. Rubutuna ne, har da inda biro ya yi mini aman tawada a gefen shafi na biyu. Kuma ba shi na ba wa ba. Na koma gida ban ko yi wa mai karon magana ba.

Wata biyu kafin nan wata ƙungiya ta zo unguwarmu, suka ce za su haƙa mana rijiyar burtsatse da tanki. Jagorarsu wata ustaza ce daga Hartum, mace mai fara'a. Ta ce ba su za su zaɓi wurin rijiyar ba, mu za mu zaɓa, tunda mu muka san inda ƙafarmu ke ciwo. Ba a taɓa tambayarmu komai ba a unguwar nan, don haka mata suka cika rumfar makaranta har waje.

Aka share ƙasa, aka ce mu zana unguwarmu. Toka ce hanya, dutse gida, ƙwallon dabino gidan da ke da ƙananan yara. Tsofaffinmu Larabcinsu na kasuwa ne, ba na takarda ba, sai aka nemi wadda za ta fassara ta kuma rubuta. Ni ce na gama sakandare. Ranar har tob ɗin yayata na ara, wato lafayarta, ina taku kamar wadda aka ba ofis a bakin kogin Nilu.

"Ke 'yar boko, matsar da dutsen nan," in ji Iya maƙwabciyarmu, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli. "Gidana bai kai kusa da juji haka ba."

"Haba Iya, ai daga ƙofarki jujin ya faro," wata ta amsa. Aka kwashe da dariya.

Bayan zanen sai ustaza ta miƙo mini takardu. Kowane gida da layinsa: mutum nawa, jarka nawa suke sha a yini, wa ke ɗebowa. Akwai wani layi da ke cewa, daga ina iyalin suka zo? Daga baya na fahimci nufinsu. Suna son sanin wa ya taso daga gonakin Jazira, wa fari ya koro daga yamma, wa ya saba da famfo, wa ya saba da rijiya. Ni kuwa na juya shi da Hausa yadda muke tambaya a gida: "Iya, ku 'yan ina ne?"

Duk wanda ya tashi cikinmu ya san amsar da tsoho zai bayar. A wani kambo na Jazira, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, aka haifi Iya, cikin masu tsintar auduga. Uwarta ma can aka haife ta. Ko a mafarki ba ta taɓa ganin Kano ba. Amma ta gyara zama ta ce, "Mu Kanawa ne, yarinya. Rubuta Kano, ki rubuta da kyau."

"Shi ya sa!" wata Bazazzagiya ta ɗaga murya. "Bakano ko Aljanna aka sa shi sai ya nemi inda zai kafa tebur."

"Ke dai faɗi naku mu ji, 'yar Zage-zagi, in akwai abin faɗa."

Haka aka yi ta yi, kowa na kirarin garin kakansa. Katsina, Haɗeja, Gobir. Mahaifiyata ta ce Sakkwato. Ina rubutawa ina jin daɗi. Sai iyayi ya ɗebe ni, na ce ustaza ba lallai ta san inda garuruwan nan suke ba, bari in taimake ta. Gaban kowanne na ƙara kalma ɗaya: Najeriya. Babu wanda ya sa ni.

Ashe ƙungiyar ba ta isa ta sa diga a ƙasa ba sai ta kai wa hukuma kwafin duk abin da ta tattara. Ba wanda ya gaya mana wannan a rumfar.

Kwana biyu bayan na ga baƙon nan, aka aiko in je wani ofishi a cikin gari, gida ne kawai ba allo a ƙofarsa. Mahaifiyata ta raka ni a raksha, keken haya mai ƙafa uku, aka tsayar da ita a waje. Na zauna a benci tun safe har la'asar babu wanda ya ce mini uffan, sannan aka ce in dawo gobe. Washegari ma haka. Rana ta uku mai tabarau ya kira ni ciki, ya baje takardun a gabana, har da hoton zanenmu na toka.

"Wa ya ce ki zana wa baƙi taswirar unguwa?"

Na ce rijiya ce, ranka ya daɗe, mata ne suka zana.

"To waɗannan fa? Duka 'yan Najeriya ne?"

Na ce a'a wallahi, a nan aka haife su, asali kawai suke faɗa, haka muke magana. Larabcin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni.

Ya yi murmushi. "Da bakinsu suka faɗa, da hannunki kika rubuta. Su ne maƙaryata ko ke?" Ya ɗora yatsa a layin mahaifiyata. "Wannan ma?" Ya ce in zo da takardar jinsiyyar gidanmu, wato shaidar zama 'yan ƙasa, in ba mu da ita in zo da kayan sawa don ba gida zan koma ba.

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi a gurguje. Lokacin ana rabon filaye a unguwar, ana tsara tituna. Wanda aka rubuta baƙo ba shi da rabo, gidansa kuma ya zama gini ba izini. Masu takarda suka wanke kansu. Marasa ita, irin su Iya da ba su taɓa sanin mutum na buƙatar shaida kafin ya zama ɗan inda aka binne cibiyarsa ba, aka shafa wa katangarsu jan fenti. Bayan ƙaramar salla katafila ta zo ta rushe gidajen. Ustaza ta zo gidanmu sau ɗaya, ta riƙe hannuna tana kuka tana cewa ba ta sani ba. Na yarda ba ta sani ba. Ita ta koma Hartum, ƙungiyar ta ce yanayi bai ba da damar aiki ba, rijiya kuwa ko rami ba a fara ba. Mahaifiyata ta shekara ba ta zuwa suna ko biki, don in ta shiga sai hira ta mutu.

Yanzu in na ji ana cewa a zo a ji ra'ayin jama'a, ba na cewa ƙarya ne. Sun saurare mu da gaske, abin da ya cuce mu ke nan. Tambaya ɗaya ce ban yi ba a rumfar nan, ita ce kuma nake fara yi yau ko takardar rigakafi aka miƙo mini: in na faɗa, wa kuma zai karanta?

Ni dai kawuna ne ya cece ni tun kafin a kai ga jan fenti. Ya tafi Jazira ya tono jinsiyyar kakanmu a ƙasan wani akwatin ƙarfe, duk ta yi ja ta kakkarye a lanƙwasa. Ranar Lahadi bayan azahar muka kai. Mai tabarau ya daɗe yana dubanta, ya ɗaga ta a hasken taga, sannan ya turo wa kawu.

"Halas, ya bitti, shi ke nan yarinya. Ke da gidanku babu abin da zai same ku. Ai kin ma rage mana aiki."

Kawu ya taka mini ƙafa don in yi shiru, amma maganar ta riga ta fito. "Iya fa?"

"Wace Iya?"

Na buɗe baki, sai na gane in na faɗi sunanta na sake ba shi ita karo na biyu. Na fasa. Ya ce in ja masa ƙofar in zan fita. Na ja.