Mai goyon tana nan wajenmu

Shekarun baya, ina ɗauke da cikin 'yata ta biyu, maigidana ya sauki baƙi a ɗakin zaurenmu, nan Jibiya. Mace ce da namiji. Ya ce malaman jami'a ne, bincike ya kawo su, mai unguwa ma ya san da zamansu. Binciken me? Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Washegari ya loda masara a babbar motar da yake ja, ya tsallaka Maraɗi, ya bar ni da baƙin da ciki wata bakwai.

Wanda ya zauna yankinmu a lokacin ya san halin da ake ciki. Kullum sai ka ji an shiga wani ƙauye an kwashi mutane. Ko sallama aka yi da muryar da ba ka sani ba sai gabanka ya faɗi.

Baƙin nan kuwa ba ruwansu da kowa, sai dai lamarinsu ya ɗaure mini kai. Da rana barci suke yi. La'asar sakaliya su fita da dogayen sanduna da raga da wasu 'yan jakunkunan yadi, su nufi lambunan mangwaro na hanyar Magama. Ba na jin dawowarsu sai na tashi sallar asuba.

Wata safiya maƙwabciyata, 'yar Maraɗi ce da aure ya kawo ta, ta shigo aron turmi. Muna tsaye jikin bangon zaure sai muka ji namijin yana waya.

"Jiya mun kama da yawa," in ji shi. "Masu cikin mun sake su, ba za su iya ɗaukar nauyi ba. Mai goyon dai tana nan wajenmu, ta ji ciwo wajen kamu, ga cizon tsiya. Mazan kuma so muke mu ga ta inda za su tsallaka Nijar."

Na dafa cikina. Maƙwabciyata ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ƙanwata, kin ji abin da kunka sauka gida? Ɓarayin mutane na!"

Na ce, "Yaya, tsaya mu kira maigidan tukun."

"Ki kira wa? Mutumin da ke bayan iyaka, waya ba ta shiga? Ki kulle ɗaki, ni na tahi in kira mutane."

Ta fice ko turmin ba ta ɗauka ba. Mijinta ɗan sa-kai ne, kuma na san abin da ke faruwa da wanda aka nuna aka ce shi ne. Ba a cika jiran ya gama bayani ba.

Na shige ɗaki na rungume babbar 'yata, ina ta Hasbunallahu. Sai na jiyo wani siririn kuka daga zaure, tsit-tsit, kamar na jaririn da ya gaji da kuka har muryarsa ta dushe. Zuciyata ta karye. Na ce goyon nan yunwa yake ji. Ban san sanda na zuba kunu a kofi, na yafa hijabi na nufi ƙofarsu ba. Wai ni ce zan ceto mace daga hannun masu garkuwa, da kofin kunu.

Na yi sallama. Macen ta amsa, na ɗaga labule.

Tana zaune kan tabarma da safar fata a hannu da takunkumi a fuska, ta riƙe jemage. Ƙato, mai ruwan ɗorawa a wuya, fuskarsa kamar ta ɗan kwikwiyo. Tana ɗiga masa ruwan mangwaro da sirinji. A ƙirjinsa wani ɗan mitsitsi ya maƙale yana tsuwa.

"Hajiya, tsaya daga nan, kar ki matso," ta ce. "Suna iya ɗaukar cuta, ga ki da juna biyu. Lafiya dai?"

Na ce, "Malama, ina mai goyon?"

Ta ɗaga jemagen. "Ga ta. Raga ta ɗan yanke ta a fiffike."

Abokin aikinta ya nuna mini wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino. Ya ce shi suke ɗaura wa mazan a wuya, don su san inda suke kwana da inda suke zuwa kiwo, ko har cikin Nijar suke kai 'ya'yan itatuwan da suka ci. Yana cikin bayani na ji hayaniya ta karyo kwanar layinmu. Nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Wanda na ji ɗazu wasa ne.

Na fita na tsaya a bakin zaure, na buɗe hannuwa na tare ƙofar. Maza ne cike da layi, da gorori da adduna. Mijin maƙwabciyata na gaba.

"Matsa, matar Alhaji. Hito muna da su!"

Na ce, "Don girman Allah, Malam, ku saurara. Jemagu ne."

"Mi?"

"Jemagu suke kamawa!"

Wani daga baya ya ce an tsorata ni ne, a ture ni a shiga. Na riƙe ƙyaure. Ban taɓa ɗaga murya gaban maza ba sai ran nan. Na ce wallahi sai dai a bi ta kan cikin nan. Sai malamar ta fito ta tsaya bayana, ta ɗaga hannu sama, uwa da ɗa suna reto a safarta.

Aka fara sauke gorori. Wani tsoho ya matso ya leƙa, ya ce, "To, mai goyon ke nan? Allah shi raya." Dariya ta ɓarke, ana cikin haka mai unguwa ya iso yana haki, ya tabbatar malamai ne, ya san da zamansu. Ni dai zama na yi a dakali ina kuka, kofin kunun na gefena.

Bayan kwana biyu, da magariba, malamar ta kira ni na ga sakin mai goyon. Ta ɗan yi reto a reshe, ta buɗe fiffike ta yi arewa da ɗanta a ƙirji.

Har yau maigidana in zai tsokane ni sai ya ce, "Ina uwar jemagu?" In yi dariya. Amma duk magaribar da jemagu suka keto saman gidanmu, nakan tuna cewa ko kalma ɗaya baƙon nan bai faɗa ta ƙarya ba, mu ma ba mu ƙara masa komai ba, kuma saura ƙiris a kashe shi a zaurena. Da ɗan jemagen nan barci yake yi a safiyar, da ina ɗaki a kulle ina addu'a sanda za su iso kansa.