Guntun Itacen da Baba Ya Bari

Mun tashi da asuba daga Gazawa, ni da taubashina, a kan babur ɗinsa, da guntun itace ɗaure a bayana cikin buhu. Itacen nan shi ne dalilin tafiyar. Mahaifina masassaƙi ne, ya rasu shekara bakwai da suka wuce, sai bana da muka rushe tsohon rumbunsa muka tarar da gungumen a ƙarƙashi, kaurinsa kamar na ƙaramin turmi. Ni kafinta ne, ina da injin da ke juya itace, da shi nake fitar da ƙafafun gado da na kujera. Da Inna ta gan shi sai ta ce in yi mata akushi faffaɗa irin wanda Baba ke cin tuwo a ciki, tunda shi kaɗai ya rage mana cikin abin da hannunsa ya taɓa.

To amma ban san ko wane itace ne ba. Ja-ja ne mai ratsin baƙi, ga nauyin tsiya, kuma ranar da na ɗan kankare shi wuni na yi ina atishawa. Baba yana da doka guda da ba ya wasa da ita: ba a zuba abinci a itacen da ba a san sunansa ba, domin akwai irin su gwaska da ke kashe mutum. Inna ta tsufa, jikin ma sai a hankali. Ba zan miƙa mata guba da hannuna ba, kuma ba zan iya duban idonta in ce na fasa ba.

Gudron Agye, wato titin kwalta, lafiya lau yake, sai ramuka nan da can, waɗanda taubashina ke faɗawa kamar kiransa suke yi. An gama girbi, gonaki sun cika da kara, gawo ya fara kore. Kwalbar mai a bakin hanya ta ƙara kuɗi, mai sayarwa kuma ya ɗora laifin a kan matsalar iyakar ƙasa, kamar yadda kowa ke yi. A Agye muka karya da ƙosai da kunu, sannan muka nufi wurin wani mai sayar da katako. Mutumin ya juya gungumen, ya ce sai ya ga cikinsa. Kafin in yi magana ya sa zarto ya yanke faifai guda mai kaurin yatsa huɗu. Ya duba, ya ce wannan ba na ƙasar nan ba ne, daga Kurmi aka kawo shi, sunansa kuma sai Turawa. Na gode masa, ban san na me ba.

Mun iso Cadawa da hantsi, kasuwa ta fara cika. Aya ce ko'ina, buhu kan buhu, har na saya wa yara tiya ɗaya. Nan zuciyata ta karye. Ina yaro da jaki muke zuwa kasuwar nan ni da Baba, da turame da taɓare, kwana muke yi a hanya. Akwai wata tsamiya da muke saukewa a gindinta, shi yana ciniki ni ina gadin jaki da ƙuli-ƙuli a aljihu. Na nemi tsamiyar ban gan ta ba, rumfar masu cajin waya ce a wurin. Wani maƙeri da aka nuna mana ya ce shi da gawayi yake gane itace, don haka ya sa gatari ya ɓalle tsagi babba daga gefe ya jefa a wuta. Muka tsaya muna kallon itacen Baba yana ci. Da ya gama ya ce abu ɗaya zai iya rantsuwa a kai, wannan ba ƙirya ba ce. Taubashina ya ce in muka ci gaba a haka, da asuwaki za mu koma gida. Na yi dariya, amma raina ya fara ɓaci.

Maradi wucewa kawai muka yi, ban da tsayawar jandarma da ya tambayi abin da ke cikin buhu, ya leƙa, ya dube mu kamar masu taɓin hankali, ya ce mu tafi. A Tibiri muka ci dambun zogale mai yaji da ya sa taubashina hawaye, sannan muka sami masassaƙan turmi a bakin gari. Ƙarar gizagonsu kaɗai ta mayar da ni tsakar gidanmu. Sun karɓe ni hannu biyu da suka ji ni ɗan sana'a ne, sai dai gardama ta kaure a tsakaninsu, wannan ya ce maɗaci, wancan ya ce kawo. Babbansu ya ce zuciyar itace ce ke raba gardama. Ni kuma da saurin yarda da mai magana da ƙarfi, na ɗaga kai. Sara ɗaya ya yi, gungumen ya tsage a karkace, gida biyu, babu ɓangaren da zai ba da akushi faffaɗa. Sunan ma bai fito ba. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba, don ba wanda ya ƙwace shi daga hannuna, ni na riƙa miƙawa.

A Tibiri muka kwana. Da safe na ce mu juya gida, sai babban masassaƙan nan, da kunya ta hana shi sakewa, ya ce mu gwada wani tsoho a wani ƙauye kusa da Cadakori, wanda ya yi kiwo tun yana yaro kafin ya zauna ya kama noma. Hanyar rairayi ce, rabinta da ƙafa muka yi muna tura babur. Mun same shi a inuwar bukka, idonsa ya yi rauni, aka kawo mana fura da nono mai sanyi irin wadda rabona da ita tun ina ɗan makarantar lakol. Na miƙa masa babban ɓangaren, na ce don Allah kada a sare shi.

"Sara kuma? Don mi?" in ji shi.

Ya ɗiga ruwa daga butarsa a kan tsagin, ya murza da babban yatsa, ya kai hanci.

"Ɗana, wanga icce madobiya na. Ina kas samo shi?"

Na faɗa masa. Ya ce ba daga Kurmi ya zo ba, a dajinmu yake a da, daga nan har gabas wajenmu. Da rani in ciyawa ta ƙare shi yake hawa ya sassaɓo wa shanu ganyensa, in ka sare shi kuma wani jan ruwa yake fitarwa kamar jini. Turmi da akushi duk ana yi da shi, ba ya cutar da kowa, atishawar kuwa ƙurarsa ce kawai. Ya ce rabonsa da ganin tsayayye tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari, sara da fari sun cinye su. Sai ya roƙi in bar masa ƙaramin ɓangaren ya riƙa shinshinawa. Na bar masa, ban ko yi shawara da zuciyata ba.

Mun dawo Gazawa bayan la'asar, jiki duk ciwo. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, masu cewa sai sun fasa abu kafin su san shi yawanci ba su san shi ba, kuma na yi nisan banza ina neman sunan baƙo alhali ɗan gida ne. Washegari na ɗora abin da ya rage a kan inji, na bi shi a hankali, ƙamshinsa ya cika shago. Ɗan akushi ya fito, bai fi tafin hannu biyu ba. Na kai wa Inna ina jin kunya, na fara ba ta labarin yadda na lalatar da sauran. Ba ta saurare ni ba. Ta shafa shi ciki da waje, ta tambayi sunan itacen, na faɗa mata.

"Madobiya," ta ce. "To zuba mani tuwon. Ai abin da nike ci yanzu bai wuce hakan ba."

Ta cinye tas, abin da ta yi wata biyu ba ta yi ba.